Shin da gaske jan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya gusar da layin juyin duniya?

Tambaya: "Na sha ganin labarai a 'yan shekarun nan cewa masana sun gano ruwan da mutane ke ja daga ƙarƙashin ƙasa ya karkatar da duniya, kuma narkewar ƙanƙara ta sa yini ya ƙara tsawo. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri ne? In gaskiya ne, da me aka auna, kuma akwai abin tsoro a ciki?"

Malam, labaran nan biyu suna da tushe. Bincike ne na gaske da aka buga a mujallun kimiyya da ake ji da su a 2023 da 2024, kuma mu da ke aikin auna siffar duniya da nauyinta ba su zo mana da mamaki ba, don an daɗe ana ganin alamunsu. Matsalar tana wajen yadda labarin ya iso gare ka. An ɗauki abu mafi ƙanƙanta a binciken an yi kanun labari da shi, an bar babban a ƙasa. Gusawar layin juyin duniya da 'yan santimita ba za ta taɓa rayuwar kowa ba. Ruwan da ya haddasa gusawar kuwa, inda ya baro da inda ya koma, ya riga ya fara taɓa miliyoyin mutane. Zan fara da ma'aunin, domin idan ka gane yadda ake awon, sauran zai zo maka da sauƙi.

A watan Maris na 2002, hukumar NASA ta Amurka da cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus suka harba tagwayen taurarin ɗan'adam daga Plesetsk a ƙasar Rasha, aka sa musu suna GRACE. Ba sa ɗaukar hoton ƙasa, ba sa ma kallonta. Ɗaya yana gaba, ɗaya yana biye da shi a tazarar kilomita kusan 220, a tsayin kilomita kusan 500, kuma aikinsu dare da rana shi ne auna tazarar da ke tsakaninsu da igiyar rediyo. Awon yana gane canjin da bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba.

Hikimar ita ce duk inda abu mai nauyi ya taru, ƙarfin jan duniya ya fi yawa a saman wurin. Idan na gaba ya doso jerin manyan duwatsu, duwatsun za su fizge shi ya ɗan ƙara sauri, tazarar ta buɗe. Da ya wuce su sai su riƙa jansa baya, daidai lokacin da suke jan na biyu gaba, tazarar ta tsuke. Da na biyun ya wuce, komai ya koma yadda yake. Suna zagaya duniya sau 15 ko makamancin haka a yini, kuma cikin wata guda sun bi ta saman kusan ko'ina. Daga wannan buɗewa da tsukewa ake fitar da taswirar ƙarfin jan duniya ta wannan watan. To dutse ba ya tashi daga wurinsa tsakanin Janairu da Fabrairu. Abin da ke yawo da nauyi mai yawa cikin ɗan lokaci shi ne ruwa. Idan ka ɗebe taswirar wancan watan daga ta wannan, bayan ka cire nauyin iska, da cika da janyewar teku, da ɗan birkin da ragowar iskar sama ke yi wa taurarin, abin da ya rage maka shi ne ruwan da ya ƙaru ko ya ragu a kowane yanki.

Ƙarfin wannan hanya da rauninta daga wuri ɗaya suke fitowa. Ma'aunin bai damu ba ko ruwan ƙanƙara ne a kan dutse, ko tafki ne, ko laimar ƙasa ce, ko yana can ƙarƙashin ƙasa da zurfin mita 300. Bai san iyakar ƙasashe ba, kuma ba ya jiran wata gwamnati ta saki alƙalumanta. Amma kuma ba zai gaya maka wane irin ruwa ne ya tafi ba, sai ka nemo awon tafkuna da laimar ƙasa da dusar ƙanƙara daga wani wurin ka ɗebe kafin ka ce saura na ƙarƙashin ƙasa ne. Kuma idonsa ba shi da kaifi: abin da bai kai faɗin kilomita 300 ba yakan narke cikin na kusa da shi. Yana ganin yanki, ba ya ganin rijiyarka.

Duk da haka, abin da ya nuna ya girgiza mutane. A 2009, Matthew Rodell da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature cewa arewa maso yammacin Indiya, wato jihohin Rajasthan da Punjab da Haryana har da Delhi, ya yi asarar ruwan ƙarƙashin ƙasa tan biliyan 109 tsakanin Agusta 2002 da Oktoba 2008, alhali ruwan sama bai yi ƙaranci a shekarun ba. Injinan ban-ruwa ne suka zuƙe shi. A 2015 wani binciken ya duba manyan rumbunan ruwan ƙarƙashin ƙasa 37 na duniya, ya tarar 21 ana jansu fiye da yadda suke cika, kuma na yankin Larabawa ne ya fi shiga matsi. A ɓangaren ƙanƙara, Girinland tana rasa abin da ya haura tan biliyan 250 a shekara idan aka yi matsakaici tun daga 2002, Antaktika kuma sama da tan biliyan 100. Ka riƙe wannan lissafin, zai yi maka amfani: tan biliyan ɗaya na ruwa shi ne kilomita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, kuma irinsa kusan 360 ne ke ɗaga tekun duniya da milimita ɗaya.

Yanzu ga batun layin juyi. Ka zauna a kujerar ofis mai juyawa riƙe da abu mai nauyi a kowane hannu, wani ya juya ka. Ka buɗe hannuwa, juyin ya ragu. Ka naɗe su a ƙirji, ya ƙaru. Ka miƙa hannu ɗaya kaɗai, sai ka ji jikinka yana neman karkacewa. Labaran nan biyu da ka karanta duk suna cikin wannan kujera: na tsawon yini shi ne buɗe hannuwa, na gusawar layi shi ne miƙa hannu ɗaya.

Duniya tana juyawa a kan wani layi da ya ratsa ta daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu. Wurin da layin ya ɓullo a doron ƙasa ba a kafe yake ba. Tun 1891 masanin taurari Seth Chandler ya gano cewa yana yin wata 'yar kewaya da ke ɗaukar kimanin watanni 14, kuma akwai wata ta shekara-shekara da iska da ruwa ke haddasawa. Biyun tare suna yawo da shi a da'ira mai faɗin mitoci da dama. Tun wajejen 1900 ake bibiyar wannan motsi ba fashi, da farko ta hanyar kallon taurari. Yau ana yi da manyan faranti masu karɓar igiyar rediyo a nahiyoyi daban-daban, duk su saurari wani abu mai haske da ke can nesa ƙwarai a sararin samaniya, wanda ake kira kwaza, a lokaci guda. Bambancin lokacin da saƙon ya isa kowane faranti shi ke nuna yadda duniya ta fuskanta a wannan sakan ɗin. Akwai kuma LAGEOS, wata ƙwallon ƙarfe mai faɗin santimita 60 da aka harba a 1976. Ba ta da batir, ba ta da inji, madubai 426 kawai aka jera a jikinta. Ana harba mata hasken leza daga ƙasa a ƙirga lokacin da zai dawo. Har yau tana aiki, kuma ina ganin cikin duk kayan awon da aka taɓa turawa sama, kaɗan ne suka biya kuɗinsu kamar ta.

Idan ka share kewayar ka dubi matsakaicin wurin, za ka ga a ƙarni na 20 yana tafiya a hankali, kimanin santimita 10 a shekara, wajen Kanada. Dalilin sananne ne. Dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ta danne yankin mashigin ruwan Hudson da ke Kanada har ƙasa ta lotsa, kuma ko da ƙanƙarar ta narke, ƙasar ba ta gama tasowa ba. Layin juyi yakan gusa ne wajen inda nauyi ya yi ƙaranci. Sai kuma, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, tafiyar ta yi kwana ta nufi gabas. A 2016 Surendra Adhikari da Erik Ivins suka nuna, da awon GRACE, cewa narkewar Girinland da Antaktika da kuma raguwar ruwa a nahiyar Asiya da Turai ne suka juya akalarsa.

Binciken da ka gani a labarai shi ne na Ki-Weon Seo na Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu, wanda ya fito a watan Yuni 2023. Sun haɗa duk abin da aka sani yana tura layin tsakanin 1993 da 2010, ƙanƙara da madatsun ruwa da sauransu, suka lissafa inda ya kamata ya kai. Lissafin ya saɓa wa awo da kusan santimita 80. Da suka saka ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka ƙiyasta an zuƙe a shekarun, tan biliyan 2,150, mafi yawansa daga yammacin Arewacin Amurka da arewa maso yammacin Indiya, sai giɓin ya rufe. Wuraren nan biyu suna tsakatsaki ne tsakanin ƙugun duniya da ƙuryarta, kuma nan ne cire nauyi ya fi tasiri a kan layin.

Abubuwa biyu nake so ka lura da su, don a nan ne labarin ya fi gurɓata. Na farko, jinginar duniya ta digiri 23.4 dangane da hanyarta ta zagaya rana, wadda ke kawo sauyin yanayin shekara, ba ita ce ta canja ba. Layin yana nan yana nuna inda yake nunawa a sararin sama, jikin duniyar ne ya ɗan goce a kansa. Digiri ɗaya a doron ƙasa kilomita 111 ne, saboda haka santimita 80 kashi 7 ne cikin miliyan na digiri guda. Ba zai jinkirta ruwan sama ba, ba zai ƙara zafi ba, ba zai canja wurin fitowar rana yadda ido zai gane ba. Na biyu, ba daga motsin layin aka ciro adadin tan biliyan 2,150 ba. Tsohon ƙiyasi ne da aka samo daga lissafin kwamfuta na yawan ban-ruwa da yawan ruwan da ke komawa ƙasa, wanda mutane da yawa ke shakkarsa domin babu isassun rijiyoyin awo da za su tabbatar da shi, kuma rabin shekarun ma GRACE bai tashi ba. Abin da Seo ya yi shi ne kawo shaida ta daban, wadda ba ta da alaƙa da rijiya ko gona, ta ce ƙiyasin ya yi daidai. Wannan shi ne darajar aikin a wurina. Ruwan nan kuma bai ɓace ba: ya bi ta gona, ya tashi tururi, ya zubo, ya gangara teku, ya ɗaga ta da milimita 6 da 'yan kai.

Batun tsawon yini ya fi rikitar da mutane, kuma da dalili. A 2024 ka karanta cewa yini yana ƙara tsawo, alhali a 2022 an ce an yi yini mafi gajarta tun da aka fara awo da agogon atam, wato agogon da ya fi kowanne daidaito. Duka biyun gaskiya ne, saboda hannu fiye da ɗaya ne ke kan wannan juyi. Wata yana ja wa duniya birki ta hanyar cika da janyewar teku, yana ƙara wa yini kimanin milisakan 2.4 a kowane ƙarni, kuma milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Tasowar ƙasar da tsohuwar ƙanƙara ta danne tana mayar da nauyi kusa da layin juyi, tana ƙara sauri. Iskokin sama suna ba da rance suna karɓa a cikin shekara. Sannan ga narkakken ƙarfen da ke cibiyar duniya, wanda ke musayar juyi da dutsen da ke kewaye da shi a tsawon gomman shekaru. Tun shekarun 1970 wannan musayar take ƙara wa doron ƙasa sauri, shi ya sa ranar 29 ga Yuni 2022 ta gaza awa 24 da milisakan 1.59, ta 5 ga Yuli 2024 kuma da 1.66.

Narkewar ƙanƙara tana ja ne ta ɗaya ɓangaren. Ƙanƙarar da ke kusa da ƙuryoyin duniya tana dab da layin juyi. Idan ta narke ta bazu a teku, kaso mai yawa na nauyinta yana komawa wajen ƙugun duniya, nesa da layin, sai juyin ya ragu. Masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich sun lissafa a 2024 cewa tun daga 2000 wannan yana ƙara wa yini milisakan 1.33 a ƙarni, kuma idan hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ci gaba da hauhawa, zai iya kai 2.62 a ƙarshen ƙarnin nan, ya zarce birkin wata. Na daɗe ina juya wannan adadi a raina. Biliyoyin shekaru wata ne babban mai tsawaita yini, ga shi cikin ƙarni biyu ƙona kwal da man fetur yana neman kamo shi.

Wa ya damu da milisakan? Masu kula da agogon duniya, da duk mai tuƙa abu a sararin sama. A ƙugun duniya ƙasa tana gudun mita 465 a sakan, don haka kuskuren milisakan ɗaya ya kusa rabin mita. Tun 1967 agogon atam ne ke ayyana tsawon sakan, kuma da yake juyin duniya ba ya bin sa sau da ƙafa, daga 1972 aka fara ƙara sakan guda jefi-jefi don su daidaita. An ƙara sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. Da duniya ta ƙara sauri, sai aka fara fuskantar abin da ba a taɓa yi ba, wato cire sakan, minti ɗaya ya zama sakan 59 maimakon 60. Injiniyoyin kwamfuta suna fargabar wannan, domin ko ƙarin da aka saba ya taɓa tsayar da wasu manyan shafukan intanet a 2012, balle ragin da yawancin manhajoji ba a taɓa gwada su da shi ba. Duncan Agnew na cibiyar Scripps a Kalifoniya ya nuna a Nature a watan Maris 2024 cewa ba don narkewar ƙanƙara ba, da buƙatar ragin ta taso a 2026, amma birkin ƙanƙarar ya tura ta zuwa wajejen 2029. Ɓangaren ƙanƙara na wannan lissafin mai ƙwari ne. Shekarar kuwa ba zan rantse a kanta ba, don ta dogara ne ga cibiyar duniya ta ci gaba da halin da take kai, kuma babu wanda ya iya hasashenta. Babban taron awo na duniya ya ma yanke a Nuwamba 2022 cewa za a daina wannan gyaran sakan zuwa 2035.

Za ka iya cewa duk wannan lissafi ne a kan lissafi, me ya hana su yi kuskure gaba ɗaya? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin teku. Tun 1992 akwai taurarin ɗan'adam masu harba rada su auna tsayin fuskar teku, kuma sun nuna ta tashi da kimanin santimita 10 tun 1993, saurin tashin kuma ya ninka, daga wajen milimita 2 a shekara zuwa sama da 4. Abu biyu ne kawai ke iya ɗaga teku: a ƙara mata ruwa, ko ruwan ya yi zafi ya kumbura. GRACE yana auna nauyin ruwan da aka ƙara. Kumburin kuma akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke shawagi a tekuna, kowace ta nutse zuwa zurfin mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika sakamako, ta sake nutsewa, duk kwana 10. Kayan awo iri uku ne, fasaharsu daban, masu gina su daban, kurakuransu ba sa kama da juna. Ka haɗa na GRACE da na Argo, sai ka sami na rada, da bambancin da bai kai milimita ɗaya a shekara ba.

Lokutan da suka saɓa ma sun fi koyar da mu. Tsakanin 2010 da 2011 rada ta nuna teku ta sauka da kimanin milimita 5, har wasu suka fara cewa tashin ya tsaya. GRACE ya nuna inda ruwan ya je: yanayin La Niña mai ƙarfi, wato sanyin saman tekun Pasifik da ke sauya inda ruwan sama ke zuba, ya juye shi a Ostareliya da arewacin Kudancin Amurka da kudu maso gabashin Asiya, kuma na tsakiyar Ostareliya ya daɗe a kwance domin kogunan can da yawa ba sa kaiwa teku. Da ya ƙafe ya koma, tashin ya ci gaba. Bayan 2016 kuma lissafin ya daina rufewa. Aka bi diddigi shekara da shekaru, aka tarar wasu daga na'urorin Argo sun fara karanta gishiri fiye da yadda yake, kuma wannan ya bayyana wani kaso na giɓin. Ba don akwai ma'auni na biyu da na uku ba, da wannan lahani ya daɗe a ɓoye.

Akwai wuraren da har yanzu ƙafarmu ba ta tsaya daram ba. Babba shi ne motsin dutsen da ke ƙarƙashin ƙanƙara. A mashigin Hudson ƙasa tana tasowa da kusan santimita ɗaya a shekara, kuma GRACE yana ganin wannan a matsayin ƙarin nauyi, daidai da yadda zai ga ruwa. A Antaktika dole a ƙiyasta wannan tasowa a ɗebe, alhali dutsen yana binne, wuraren dasa na'urar GPS kaɗan ne. Shi ya sa shekarun baya ƙungiyoyin masana ke fitar da adadi masu nisa da juna, har aka kafa shirin IMBIE don a zaunar da masu auna nauyi da masu auna tsayin ƙanƙara da masu ƙirga shigarta da fitarta a teburi ɗaya. Rahotonsu na 2023 ya ce Girinland da Antaktika tare sun rasa tan biliyan 7,560 tsakanin 1992 da 2020, abin da ya ƙara wa teku milimita 21. Sannan shekara biyu ko uku ba sa yanke hukunci. Tsakanin 2021 da 2023 nauyin Antaktika ya ɗan ƙaru saboda dusar ƙanƙara mai yawa da ta zuba, aka yi ta yaɗa cewa narkewa ta ƙare. Ƙarin na gaske ne, amma bai kusa biyan abin da aka rasa a shekaru ashirin da suka gabace shi ba.

Ka tambayi ko akwai abin tsoro. Akwai, amma a ƙarƙashin ƙafa yake. Idan aka zuƙe ruwa daga shimfiɗar yumɓu, ƙwayoyin ƙasar suna matsewa, saman ya lotsa, kuma yawancin wannan matsewa ba ta warwarewa ko ruwa ya dawo. Rumbun ya tsuke ke nan har abada. Taurarin rada irin Sentinel-1 na Turai suna gane lotsawar milimitoci ta hanyar gwama hotunan wuri ɗaya na lokuta daban-daban. A wasu sassan birnin Meksiko sun auna har santimita 50 a shekara. Wani bincike a mujallar Science a Afrilu 2024 ya duba manyan birane 82 na ƙasar Sin, ya tarar kashi 45 cikin 100 na filayensu suna nutsewa fiye da milimita 3 a shekara, kashi 16 kuma fiye da milimita 10. A birnin da ke bakin teku kamar Jakarta abin ya zama biyu, ƙasa tana sauka, ruwa yana hawa, kuma a arewacin birnin saukar ƙasar ta ninka hawan ruwan sau da yawa. Kafin a kai nan ma, mai ƙaramar rijiya ne ke fara shan wahala, domin da matakin ruwa ya sauka tasa ce ke fara ƙafewa, mai halin haƙa mai zurfi da sayen babban inji ya ci gaba da ja.

Wannan ɓangaren kuma yana da magani, abin da ba kasafai yake shiga labarai ba. A Janairu 2024 Scott Jasechko da abokan aikinsa suka tattara awon rijiyoyi kusan 170,000 daga rumbunan ruwa 1,693. A kashi 71 cikin 100 matakin ruwa yana sauka a wannan ƙarni, kuma a wurare da dama saukar tana ƙara sauri, musamman a busassun yankunan noma. Amma sun nuna wuraren da aka juya lamarin. A Bangkok an sa lasisi da kuɗi a kan jan ruwa, matakin ya fara dawowa. Kusa da Tucson a Amurka ana malala ruwan kogin Kolorado a filaye don ya tsotse ya cika rumbun. Tokyo, wadda wasu unguwanninta suka nutse da mitoci a ƙarni na 20, ta kusa tsayar da lotsawar bayan ta taƙaita jan ruwa a shekarun 1960 da 1970. Ƙanƙarar Girinland sai duniya ta haɗu ta rage hayaƙi, kuma ko an yi hakan za ta daɗe kafin ta amsa. Rumbun ruwa kuwa hukumar yanki ɗaya tana iya ceto shi cikin shekara goma ko ashirin, muddin tana da awo kuma tana da ƙarfin hana manyan masu ja.

Damuwata ta fi karkata ga awon kansa. GRACE ya daina ba da sakamako a tsakiyar 2017, magajinsa GRACE-FO bai tashi ba sai Mayu 2018, aka sami giɓin kusan shekara guda da ba za a taɓa komawa a auna ba. Sabon yana da na'urar leza da ta fi tsohuwar rediyo kaifi nesa ba kusa ba, amma na'urar auna birkin iska ta ɗaya daga tagwayen ta samu matsala tun da wuri, ana aro daga ɗan'uwansa ana cike gurbi. Ana shirin harba na uku, GRACE-C, wajejen ƙarshen 2028, kuma fatanmu shi ne GRACE-FO ya kai lokacin. A ƙasa kuma giɓin ya fi girma. Rijiyoyin da Jasechko ya samu sun taru ne a ƙasashe arba'in da 'yan kai, manyan sassan Afirka da Kudancin Amurka da Asiya kusan babu komai, wasu don ba a auna ba, wasu don an auna an kulle a ofis. Tauraron ɗan'adam zai gaya maka yanki mai faɗin kilomita 300 yana rasa ruwa. Wanda zai yanke wa za a ba izinin haƙa, da zurfin nawa, yana buƙatar rijiyar awo a wurin, da ma'aikacin da zai zura igiya duk wata ya rubuta matakin ruwa, da dokar da za ta sa a fito da littafin kowa ya gani.